Mu Daina Raina Mutanen Kamaru: Yawa Kawai Muka Fi Su



Kwanakin baya wani magidanci a unguwarmu ya hana 'yarsa auren saurayin da take so. Ba a taɓa kama yaron da sata ba, ba ya shaye-shaye, yana da sana'arsa ta sayar da hatsi, kuma an san iyayensa. Laifinsa guda ɗaya ne: a Gider aka haife shi, cikin ƙasar Kamaru. Da dattawa suka je ba da baki, amsar da uban ya bayar ita ce, "Ni ba zan ba ɗan Faransa 'yata ba." Abin da ya ɗaure wa dattawan kai shi ne, kakar shi wannan uban daga wani ƙauye na bayan Sahuda aka auro ta, ƙauyen da yau yake cikin Kamaru. Wato jinin da yake ƙyama yana gudana a jikinsa.

Wannan magana ce ta sa muka ga ya kamata mu zauna mu faɗa wa junanmu gaskiya. Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a cikinmu, mu mutanen Mubi da kewaye, ta raina maƙwabtanmu na Kamaru. Muna yin ta a kasuwa, muna yin ta a majalisa, muna yin ta a tashar mota, yanzu kuma ta koma cikin waya. Kowa ya san kalaman. Wai ɗan Kamaru ba shi da wayo, a ciniki sai yadda ka yi da shi. Wai baƙauye ne, komai daga wurinmu yake koyo. Wai ban da shan giya da ƙwallo ba abin da suka iya. Wai matsorata ne, da sun hango hular jandarma jikinsu ya fara ɓari. Wai har yau bayin Faransa ne. Idan mutum ya yi Hausa da wata irin murya sai a kwashe da dariya a ce Hausar Kamaru ce, alhali mu kanmu idan muka je Kano da Hausarmu ta Mubi dariyar ake yi mana.

Za a ce wasa ne, irin na tsakanin Fulani da Barebari. To, wasan dangi yana da ƙa'ida: kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma ba ya hana aure, ba ya hana bashi, ba ya hana a ba mutum masauki. Abin da ya kai ga hana aure ya wuce wasa, ya zama raini. Mu kuma a wannan gari ba mu da hujjar wannan raini, ko ta tarihi, ko ta kasuwa, ko ta kunya.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan cuta ba. Cuta ce ta babbar ƙasa idan tana maƙwabtaka da ƙarama. Dubi Amurka da Kanada. Amurkawa sun kai kimanin miliyan 340, mutanen Kanada kuwa miliyan 40 da 'yan kai. A finafinan Amurka da barkwancinsu, ɗan Kanada shi ne mutumin nan mai sanyin hali wanda ko kai ka taka shi shi zai ba ka haƙuri, yana zaune cikin ƙanƙara, ba abin da ya dame shi sai wasan hoki. Amurkawa da yawa ba za su iya faɗa maka cewa Ottawa ce babban birnin Kanada ba, amma ɗan Kanada yana bin siyasar Amurka kamar ta gidansu, domin duk abin da aka yanke a Washinton sai ya taɓa aljihunsa. Tun a 1969 Firayim Ministan Kanada Pierre Trudeau ya kwatanta zama kusa da Amurka da kwana kusa da giwa: ko da giwar ba ta da faɗa, duk motsin da ta yi sai ka ji a jikinka. Rainin da ake ɗauka barkwanci ne kuma ya fito fili lokacin da Donald Trump ya dinga cewa Kanada ta zo ta zama jiha ta 51, yana kiran Firayim Ministansu gwamna. Alhali kuwa mafi yawan ɗanyen man da Amurka ke saye daga waje daga Kanada yake zuwa. Kuma ranar 11 ga Satumba 2001, da aka rufe sararin samaniyar Amurka bayan hare-hare, wani ɗan ƙaramin gari na Kanada mai suna Gander ne ya karɓi jirage 38 da fasinjoji fiye da 6,000, ya ciyar da su ya ba su wurin kwana na kwanaki.

Mun kawo wannan misali ne saboda lissafin ya yi kama da namu. Najeriya ta haura mutum miliyan 200, Kamaru kimanin miliyan 30. A nan mu ne giwar. Ɗan kasuwar Garwa ko Marwa ya san farashin naira na yau, ya san wanda ke mulki a Abuja da Yola, yana kallon finafinan Kano, yana jin Hausa. Mu kuwa, mutum nawa ne a cikinmu za su iya lissafa jihohin arewacin Kamaru guda uku? Wanda bai san maƙwabcinsa ba sai ya ƙirƙiro masa hali, ya zauna a kai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai dai akwai inda muka bambanta da Ba'amurke, kuma bambancin ya ƙara mana laifi. Mutumin Legas ko Fatakwal zai iya cewa bai san Kamaru ba. Mu fa? Mubi ba ta shiga Najeriya ba sai 1961. A ranar 1 ga Oktoba 1960 da aka ba Najeriya 'yancin kai, garin nan ba ya cikinta.

Bari mu tuna wa matasa. Kafin zuwan Turawa, ƙasar Fombina da Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta haɗa da Garwa da Ngaundare da Banyo da Tibati, kuma Yola ce cibiyarta tun 1841. Da Ingilishi suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ɓangaren da yau ake kira Kamaru ya nufa, ya gwabza da Jamusawa a Garwa da kuma kusa da Marwa, domin a wurinsa duk ƙasarsa ce. A rabon da Turawa suka yi, Mubi hannun Jamus ta faɗa, cikin ƙasar da suka kira Kamerun. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ƙwace ƙasar daga Jamus aka raba ta biyu, babban kaso ga Faransa, siririn yankin da muke ciki ga Ingila. Sunanmu a takarda a wancan lokaci shi ne Arewacin Kamaru, ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Nuwamba 1959 aka yi ƙuri'ar raba-gardama ta farko, kuma mafi yawan kakanninmu suka ce ba su shirya shiga Najeriya ba tukuna, a ɗage maganar. Sai a ƙuri'a ta biyu, a watan Fabrairu 1961, kimanin kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Najeriya, kashi 40 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 aka haɗe mu da Jihar Arewa, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, Bafulatanin Garwa, ya ji zafin abin har ya mai da ranar ta zaman makoki a ƙasarsa, ya kuma kai ƙara Kotun Duniya.

A duba lissafin nan da kyau. A cikin kowane mutum goma da suka kaɗa ƙuri'a, huɗu Kamaru suka so. Da wani kaso kaɗan ya juya, da yau mu ne ke riƙe da sefa, 'ya'yanmu na karatu da Faransanci, wani kuma a Yola yana kiranmu 'yan Faransa marasa wayo. Layin da ya raba mu da su ba kakanninmu ne suka ja shi ba, kuma bai bi ƙabila ko harshe ba. Gude suna nan suna can. Njanyi na Maiha suna da 'yan uwa a tsallake. Kamwe na Michika da Kapsiki na Mogode da Rumsiki mutane ɗaya ne da sunaye biyu. Fulani kuwa ba a magana. Akwai gidaje a duwatsun Mandara da ɗaki yake ƙasa ɗaya, gona take ɗayar. Hatta sunan jiharmu, su ma suna da jihar Adamawa tasu, hedikwatarta Ngaundare. To wa ake rainawa?

Idan tarihi ya yi wa wasu nisa, ga wanda kowa ya gani da idonsa. Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, suka kama garin, har suka sauya masa suna. Duk wanda ya kai shekara ashirin a yau ya tuna wannan rana. Hanyar Yola ba ta shiguwa ga mutane da yawa. Ina muka nufa? Dubbanmu gabas muka yi, a ƙafa, ta Sahuda da hanyoyin duwatsu, da goyo da tsofaffi, wasu ko takalmi babu. Waɗanda muka tarar a tsallake ba masu kuɗi ba ne, manoma ne irinmu, rumbunsu bai fi namu cika ba. Sun ba mu ruwa, sun dama mana kunu, sun share mana zaure da ajin makaranta da masallaci da coci. Akwai matan garin nan da suka haihu a ɗakunan matan da ba su taɓa gani ba. Akwai waɗanda aka nuna wa hanya har Garwa, daga can suka zagayo Yola. Ba wanda ya tambaye mu ko mun fi su wayo.

Kuma wutar da ta kore mu ba ta bar su ba. Kolofata da Fotokol da Amchide da Marwa duk sun sha hare-hare, sun binne nasu. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, ya ɗauki dubun-dubatar 'yan Najeriya shekara da shekaru. Rikicin daga ƙasarmu ya tashi ya tsallaka musu. Mutumin da ya ci tuwon gudun hijira a gidan wani, ya dawo gida ya warke, sannan ya buɗe baki yana kiran mai gidan baƙauye, wane suna ya dace da shi a Hausa? Butulu.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba za mu kauce masa ba. Za su ce, ku da kuke yabon Kamaru, kun manta abin da jandarmomi ke yi wa 'yan Najeriya a hanya? Ba mu manta ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gider ko Garwa ya san yadda ake tsare mutum a kan takarda, ko takardar ta cika sai ya ajiye wani abu. Za su kuma ce, ai gwamnatin Kamaru ta kori 'yan gudun hijira da ƙarfi. Gaskiya ne. A 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa tun daga 2015 sojojin Kamaru sun tilasta wa 'yan Najeriya fiye da 100,000 komawa gida, wasu zuwa wuraren da ba su da tsaro. Wannan zalunci ne, kuma ba za mu wanke shi ba. Amma mu tambayi kanmu abu biyu. Na farko, jandarman da ya karɓe maka kuɗi, shi ne manomin da ya ba ka ruwa? Talakan Kamaru ma a hannun wannan jandarman yake shan wuya, kullum, ba sai ranar tafiya ba. Na biyu, shingaye nawa ɗan Kamaru yake wucewa daga Sahuda zuwa kasuwar Mubi, daga Mubi zuwa Yola, kuma a nawa ne yake wucewa ba tare da ya sa hannu a aljihu ba? Idan za a auna al'umma da halin masu kakinta, mu ma ba za mu sha ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai maganar ruwa. Duk shekarar da aka yi ambaliya, kamar 2012 da 2022, abin da za ka ji shi ne Kamaru ta sako mana ruwa, kamar da gangan suke yi don mugunta. Madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kudu da Garwa, an gama ta a 1982, kuma gaskiya ne idan ta cika ana buɗe ta, ruwan kuma yana cutar da mutanen Yola da Numan da na ƙasa da su. Amma tun wancan zamani ake maganar gina madatsar Dasin Hausa a yankin Fufore domin ta tare ruwan a ɓangarenmu, yau fiye da shekara 40 ba a gina ba. Wannan laifin mutumin Garwa ne? Abin dariya ma, mun sha jin mutane a nan cikin gari suna zagin Lagdo idan ruwa ya shiga gidaje, alhali kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi ba shi da haɗi da Binuwai, arewa yake gangarawa wajen tafkin Chadi. Magudanun da muka toshe da shara da gidajen da muka gina a bakin kogi ba ɗan Kamaru ne ya yi mana su ba. Baƙo dai yana da daɗin ɗora wa laifi, domin ba ya nan balle ya kare kansa.

Mu zo kan kasuwa, inda rainin ya fi zama wauta. Me ya sa Mubi ta zama Mubi? Ba mu da man fetur, ba mu da tashar jirgin ruwa. Iyaka ce arzikinmu. Kasuwar shanun Mubi ta yi suna a duk Najeriya, kuma kowa ya san shanu da yawa da ake lodawa a tireloli zuwa kudu daga Kamaru da Chadi suke shigowa. Dillali da mai lodi da direba da mai sayar da abinci a bakin kara da ɗan canji duk daga nan suke ci. A ɗaya hannun kuma, masu shagunan atamfa da robobi da kayan gyaran babur su faɗi tsakani da Allah, kaso nawa na cinikinsu ne ke zuwa daga tsallake? Mun ga yadda gari ya yi tsit lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agusta 2019, da kuma lokacin da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda cinikinsa ke ciyar da gidanka ba abin rainawa ba ne.

Wani ɓangare na girman kanmu daga ƙarfin naira ya samo asali, lokacin da ake kallon sefa kamar takardar banza. Wannan zamani ya wuce. Wajen 2012 zuwa 2014, da naira ɗari uku da 'yan kai kake sayen sefa dubu ɗaya. A 2024 sai da sefa dubu ɗaya ta haura naira dubu biyu. Yau ɗan Kamaru ne ke shigowa kasuwarmu yana ganin kaya da araha. Sai kuma muka sauya waƙa: jiya wawa ne, yau kuma shi ne mugun da ke kwashe mana masara yana jawo tsada. To, wa ke sayar masa? Wa ke loda motar? Wa ya san hanyar dare? Haka ma man da aka shekara da shekaru ana tsallakawa da shi a jarkoki kafin cire tallafi a watan Mayu 2023, wanda su can suke kira zuwa-zuwa, ai ba shi ya kai kansa ba. Mutum ɗaya ba zai zama wawa da safe ya zama mai wayon da ya fi ƙarfinmu da yamma ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hoton da muka zana masa ba daga halinsa muka ɗauko ba, daga buƙatarmu ta ranar ne. Ko a ƙwallon da muke musu gori, sau uku suna doke mu a wasan ƙarshe na kofin Afirka, a 1984 da 1988 da 2000, na ukun ma a Legas, a gaban jama'armu.

Kada kuma mu ɗauka su ba su da nasu hoton a kanmu. A can, da an ce ɗan Najeriya, abin da ke zuwa ran wasu shi ne ɗan damfara, ɗan sumoga, mai jabun kaya, mai hayaniya, ko ma ɗan Boko Haram. Duk ɗan garin nan da aka taɓa yi wa kallon tuhuma a tashar Marwa saboda katinsa na Najeriya ne ya san zafin abin. Mun kuma san zafinsa a cikin ƙasarmu, idan mutumin kudu ya kira mu aboki da irin muryar nan, ko aka ji daga arewa maso gabas muke sai a ja jiki. Muna cewa ba a yi mana adalci ba, an tara mu duka an yi mana kuɗin goro. To abin da muke yi wa na tsallake ke nan, babu bambanci ko na anini.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma kanmu muka fara yi wa. Iyaye, idan za ku binciki mai neman aure, ku binciki halinsa da addininsa da sana'arsa da gidansu kamar yadda aka saba, amma katin ɗan ƙasa ba hali ba ne. 'Yan kasuwa da dillalai, a daina yi wa baƙo farashi biyu ana alfahari da an ci ɗan Kamaru, domin ranar da ya gane zai sauya kasuwa, kuma akwai wasu kasuwannin. Matasa masu waya, kafin ka tura bidiyon da ake kwaikwayon Hausarsu ana dariya, tambayi mahaifiyarka inda ta kwana a farkon watan Nuwamba 2014. Malaman makaranta, ku koya wa yara labarin 1959 da 1961, abin kunya ne ɗan Mubi ya gama sakandare bai san garinsu ya taɓa amsa sunan Kamaru ba. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi kuma, idan jandarma ko jami'inmu ya zalunci matafiyi, a haɗa kai da takwarorinmu na can a kai kuka inda ya dace, domin su ma abin yana damunsu.

Shi kuma dattijon unguwarmu, ba mu ambaci sunansa ba kuma ba za mu ambata ba. Muna dai roƙonsa ya sake tunani, ya tuna daga inda aka auro kakarsa. Idan yaron nan yana da wani aibi na gaske, a faɗa. Idan kuwa Gider ce kaɗai aibinsa, to a bar yara su yi aurensu.

Allah ya zaunar da Najeriya da Kamaru lafiya, ya kiyaye mu daga sake ganin ranar gudu. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, bismillah, ya kawo hujjarsa cikin mutunci, za mu saurara.